Hannun Hagu a Hanyar Zahir

Ƙarar kwalba ce kawai, ba wata babbar ƙara ba. Ta faɗo kan siminti ba ta fashe ba, ta gangara har ta daki gindin randa ta tsaya. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, ranar Juma'a, maza duk sun tafi masallacin Harami. Na ce a raina kyanwar maƙwabta ce ta sake shiga ɗaki. Sai na ji tari, irin wanda yaro ke yi ya kasa jawo numfashin da zai yi na biyu.

Amma kafin in faɗi abin da na yi a ranar, bari in faɗi yadda 'yar Zariya ta tsinci kanta a Ka'akiyya, can gefen garin Makka, da inda na koyi abin da mace ba ta yi a wannan ƙasa.

Babana makanike ne, kuma 'ya'ya mata Allah ya ba shi. Ni ce babba, ni ke miƙa masa sifana, ni ke danna totur yana sauraron inji. Ban gama firamare ba sai da na iya fitar da mota daga gareji in dawo da ita. Da na shiga sakandare, akwai wata Baturiya malamarmu da ke kawo masa ƙaramar motarta gyara. Ashe a ƙasarsu tseren mota take yi kafin ta kama koyarwa, har tana da hoton kanta da hular ƙarfe a tsakiyar maza. Ranar da ta gan ni na juya motarta a ɗan lungun gareji, ta roƙi Baba ya bar ta tana ɗaukata ranakun Asabar. Wani tsohon fili muke zuwa a bayan gari. A nan ta koya min cewa birki kafin kwana ake taka shi, ba a cikinta ba, kuma idan abu ya taso maka, kada ka kalle shi, ka kalli inda kake so ka wuce. Ta taɓa ce wa Baba da a ƙasarsu nake da an ji sunana. Baba ya yi dariya ya ce a nan ma za a ji, ranar ɗaurin aurena.

Haka kuwa aka yi. Na auri direba, mutum mai sanyin hali, kuma ba a daɗe da samun mulkin kai ba muka kama hanyar Hajji ta ƙasa, ina da ƙaramin ciki.

Daga Maiduguri zuwa Forlami, a ƙasar Cadi, da sauƙi. Daga can ne hanya ta ƙare, sai yashi da sawun tayoyi. Muna saman kaya a babbar mota, mata a tsakiya, maza a gefe suna riƙe da igiya. Direbobin ba sa son ƙurar juna, don haka da motoci biyu sun haɗu sai tsere ya tashi, kowa na neman gaba. Mata na salati suna rufe ido. Ni ma ina salatin, amma idona a buɗe, ina jin lokacin da direbanmu ya makara bai canza giya ba. Ban faɗa wa kowa ba. Wace mai ciki ce za ta ce tana sauraron giya?

A Sudan guzuri ya yi ƙasa. Muka zauna mijina, Baban Safiya, yana tuƙa motar auduga, a can na haifi Safiya, a ɗakin kara, a hannun wata mata da ba na jin yarenta. Da muka isa Bor Sudan, bakin teku, muka haɗu da wani mutum mai farar riga da Hausar Kano tsantsa. Jin Hausar nan kawai sai da na yi hawaye. Ya kira ni ƙanwarsa, ya ɗauki Safiya ya yi mata wasa. Ya ce layin babban jirgi sai a shekara ana jira, shi yana da hanya, a kawo fasfo ya kai a buga. Ya zuba mu a jirgin katako, ya ce takardunmu na hannun matuƙin. Da aka sauke mu a wata gaɓa da babu gida babu bishiya, matuƙin ya nuna mana arewa ya ce Jidda na nan kusa. Takardu kuwa bai san zancen ba.

Ba kusa ba ce. Nonona ya ƙafe a wannan tafiya. Wata Balarabiyar ƙauye mai kiwon awaki ta gan ni zaune ina jijjiga yarinyar da ta daina ko kuka. Ta tatso akuya a ƙwarya, ta ba ni na sha, ta tsoma gefen mayafinta tana ɗiga wa Safiya a baki. Har yau ina saka ta a addu'a, ban san sunanta ba.

Mun yi Hajji, alhamdu lillahi. Ranar da na fara ganin Ka'aba na manta da duk wannan. Amma komawa gida ba fasfo ba guzuri ba ta yiwu ba, sai muka zama cikin waɗanda ake kira takari, masu zama ba iƙama, wato takardar izinin zama. Baban Safiya ya samu aiki wurin Alhaji Bakur, Bahaushe haifaffen Makka mai fataucin kayan lambu daga Ɗa'ifa. Ya ba shi a-kori-kura ƙirar Amurka yana tuƙawa, ya kuma sama mana ɗaki a gidan gwaggonsa, Sitti Rakiya.

Sitti Rakiya ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Kakarta ce ta zo da ƙafa daga Katsina, kuma Hausar kakar take yi, rabi da Larabci. Takan sa ni in ba ta labarin damina, ta ce wai da gaske ne ciyawa na fitowa a kan soro ba wanda ya shuka? In na ce da gaske ne sai ta ce Zazzagawa akwai ƙari. Ni kuma ina ba ta labarin ina jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, in shiga ɗaki in yi kukana. Ba na fita sai zuwa Harami ko Mina, a lulluɓe, ido a ƙasa. Abu ɗaya muka sani duk unguwar: kada ka yi abin da zai sa askari, ɗan sandan ƙasar, ya dube ka sau biyu. In ya tambayi iƙama, sai kurkuku, sai jirgi, wani lokaci miji daban mata daban.

A haka Safiya ta girma har ta fara surutu mai ma'ana, har wannan Juma'a.

Na same ta a bayan randa, gabanta jiƙe, ɗakin duk warin kananzir. Galan ɗinmu ne ya huje da safe, aka juye ragowar a kwalbar lemo. Rana ta yi zafi, yarinya ta ga kwalba. Na ɗauke ta tana tari, idonta ya yi ja, leɓenta na canza launi. Matan gida suka taru. Wannan ta ce a ba ta madara, waccan ta ce a sa mata yatsa a maƙogwaro. Na tuna a darasin kiwon lafiya an gargaɗe mu kada a sa wanda ya sha kananzir amai, don huhu yake komawa. Na hana su. Suka ce to me za a yi? Na ce asibiti.

Wa zai kai? Babu namiji ko ɗaya a layinmu. Babu tasi. Asibitin da ke kusa da Harami ba ya shiguwa a wannan lokaci, sahu ya cika titi. Sai na Zahir, can ɗaya gefen gari, a zagaya ta bayan duwatsu. A-kori-kurar tana ƙofar gida, don ranar Juma'a a motar Alhaji Bakur suke tafiya gaba ɗaya. Makullin na rataye a ƙusa. Ban san na daɗe ina kallonsa ba sai da Sitti ta yi magana.

"Hajaru, kin iya?"

"Na iya, Sitti."

"Iyawar gaske, ko ta 'yan makaranta?"

"Ta gaske."

Ta shiga ɗakinmu ta fito da farar rigar Baban Safiya da ƙyallen da yake yafawa a ka da baƙin tabarau, ta watsa min. Na tsaya riƙe da su. Na ce mata ai an hana mace shigar maza. Ta karɓi Safiya daga hannuna ta ce, "Sa, ya binti. Zunubin ki bar min, ni tsohuwa ce, ina da wurin ajiye shi."

Na sa. Na naɗe fuskata da ƙyallen kamar yadda direbobi ke yi saboda ƙura. Sitti ta shiga gaba da yarinyar a cinya, ita da ba ta taɓa zama gaban mota ba.

Sitiyarin yana hagu, ba inda na saba ba. Na kai hannun hagu neman giya, na daki ƙofa. Giyar a jikin sitiyari take, ta dama. Na sha ganin yadda Baban Safiya ke yi, amma gani daban. Motar ta yi tsalle ta mutu. Matan da ke leƙe ta ƙofa suka yi salati. Na yi bismilla na sake tayarwa, na saki kuloci a hankali, ta tafi.

Daga wani masallaci na jiyo liman ya zauna ya sake miƙewa, huɗuba ta biyu ke nan. Na san abin da ke gabana. In aka sallame ban isa ba, mutane za su malalo titi, mota ba za ta motsa ba, kuma kowa zai ga wanda ke tuƙi. Na taka.

Hanyar Ka'akiyya a lokacin ba kwalta, duwatsu ne da ramuka. Ina jin numfashin Safiya yana fita da wani ƙaramin fito. Sitti na tofa mata duk abin da ta haddace. Da muka hau kwalta titi fayau, ba mota ba jaki, rana ta kwanta a kansa yana walƙiya. Na sa giya ta uku. Kwana ta farko ta zo, ƙafata ta taka birki tun kafin in yi tunani, na shiga na fita da totur. Shekaru ban taɓa sitiyari ba, amma jikina bai manta komai ba. Ashe wannan rashin mantuwar ce za ta kusa kashe mu.

A Najeriyar wancan lokaci hannun hagu ake bi. A Makka dama. Kaina ya san haka sarai, da an tambaye ni da na faɗa. Hannuwana ne ba a taɓa gaya musu ba. Tun da na hau kwalta a hagu nake, kuma babu wata mota da za ta nuna min.

Muna fitowa daga bayan wani dutse sai ga tankar ruwa ta taso, ita ma a guje, da alama direban salla yake son samu. Tana kan hannuna. Na danna hon. Shi ma ya danna. Na ce a raina wannan wane irin mahaukaci ne, ya koma hannunsa mana. Na ƙara matsawa hagu don in ba shi wuri, shi kuma ya ƙara matsawa damarsa, wato inda nake. Sitti tana cewa "Yamin, yamin," wato dama, ni kuwa Larabcina duk ya gudu. Har ina hango rawanin direban da buɗaɗɗen bakinsa.

Abin da ya farkar da ni rami ne. Na ga bakin titi da ramin gefensa daf da gwiwar hannuna. Direba kuwa ta tsakiyar titi yake zama, ba ta gefe ba, ko a wace ƙasa. Ni ce a hannun mutane.

Na ɗauke idona daga tankar da ƙyar, kamar mai ɓamɓare abu. Na kalli filin da ke dama, na karya sitiyari. Bayan motar ya zame, tayoyi suka yi kuka, na mayar da sitiyarin kaɗan ban taka birki ba, ta miƙe. Tankar ta wuce da iskar da ta girgiza mu, ruwa ya fantsamo kan gilashi. Kwandunan da ke baya na ji suna zubewa a titi. Sitti ba ta yi ihu ba. Ta dai ƙanƙame yarinyar ta ce, a hankali, ashe ta makaranta ce.

A mararrabar da ke gaba akwai askari, kuma ya ga komai. Ya fito tsakiyar titi yana busa usur, hannu a sama.

Na yi tunanin wucewa. Wallahi na yi. Akwai wuri ta bayansa, kuma a ƙafa yake. Amma zai ɗauki lamba, lambar kuma ta Alhaji Bakur ce, daga nan sai gidan Sitti da duk takarin da ke cikinsa. Na tsaya. Lasifika daga nesa ta fara tada salla.

Ya zo ta wajena, dogo, baƙi kamar mu, gumi na bin wuyansa. Na sunkuyar da kai. Ya zazzaga faɗa da Larabci, sannan ya miƙo hannu ya faɗi kalmar da muke tsoro tun ranar da muka sauka a gaɓar nan.

"Iƙama."

Sitti ta leƙo ta gabana ta ce, "An yi, ɗana. Ba ka ji ba? Har sun kabbara. Kai ne dai ba ka sahu."

Bai yi dariya ba. Idonsa na kan sitiyari. Na bi inda yake kallo. Na rufe kai, na rufe fuska, na manta da hannu. Lallen bikin 'yar maƙwabta ne, ja har wuyan hannu, ga zobe. Na rasa inda zan kai su. In na ɓoye ma ya riga ya gani.

Safiya ta yi wani tari mai tsawo, kumfa ta fito gefen bakinta. Ya kalle ta. Ya shaƙi warin da ya cika motar. Ya waiga hagu da dama, titi ba kowa. Sai ya sunkuyo daidai kunnena, ya yi magana da wata tsohuwar Hausa irin ta Sitti.

"Yaro, a nan dama ake bi. Ka ji? Dama."

Na gyaɗa kai. Ya taka matakalar ƙofa, ya kama ƙarfen madubi, ya buga rufin motar da tafin hannu. Na ja.

Ban san ko kai mu yake ba ko kama mu ya yi. Jikinsa ya rufe tagata gaba ɗaya, ba mai iya ganina ta nan. Duk kwanar da muka zo sai ya buga rufi ya nuna da ƙafa. Muna shiga Zahir wani ƙaramin masallaci ya sallame, mutane suka fara fitowa da dardumai a kafaɗa. Ya sa usur a baki bai cire ba. Suka dare. Na rage gudu saboda wani tsoho, ya buga rufi da ƙarfi, na ƙara. Na bi ta tsakaninsu ina kallon gurbi kawai, ba na kallon fuska.

A asibiti ya sa na zagaya bayan katanga inda ba kowa. Ya zare makullin da kansa ya sa a aljihu, ya juya mana baya. Na tuɓe rigar da ƙyallen a cikin mota, na yafa mayafin da Sitti ta miƙo min, na fita ta ɗaya ƙofar. Sitti, da tsufanta, ita ta ruga da yarinyar.

Da aka tambayi ko 'yar wace ce, Sitti ta ce jikarta ce, ta ba da sunan gidansu. Aka sa wa Safiya abin numfashi a fuska. Likitan, wani Bamisire, ya tambaya ko an sa ta amai, da aka ce a'a ya gyaɗa kai, ya ce sauran sai Allah. Na zauna a ƙasa bakin gadon na rama azahar a zaune, ina yi ina jin warin fetur a tafin hannuna.

Bayan la'asar Baban Safiya ya iso da Alhaji Bakur, matan gida sun gaya musu. Askarin yana nan zaune a inuwar motar. Ta taga nake kallonsu. Ya miƙe, ya daɗe yana magana, sannan ya ciro makullin ya ba Baban Safiya, ya tafi bai waiwayo ba. Daga baya na ji abin da ya ce: wai yaron motarsa bai san hagu da dama ba, kada ya sake ba shi mota, in ya sake ganinsa a titi ba zai yi magana da kowa ba, kama shi kawai zai yi.

Alhaji Bakur ya shigo yana huci. Ya ce mun kusa rufe masa kasuwa, mun kusa sa a kwashe gidan gaba ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce a ba shi makullinsa, Baban Safiya ya miƙa masa. Sitti ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi wa ya goya shi zuwa wurin mai magani ranar da kunama ta harbe shi yana tsirara. Ta ce in zai tafi da makullin, ya haɗa da na ɗakinta. Ya tsaya yana kallon yarinyar a gado, ya ajiye makullin a kan tabarma ya fita.

Baban Safiya bai ce min komai ba a ranar, bai ce ba washegari. Zazzaɓi ya kama Safiya, muna zaune ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ba mai kallon wani. Na ɗauka fushi yake. Sai ranar da zazzaɓin ya sauka ta nemi shayi, ya bi ni har bakin famfo. Ya tambaye ni a ina huɗuba take lokacin da na tashi. Na ce ta biyu. Ya tambaya a ina salla take da na iso. Na ce ana sallamewa. Ya lissafa hanyar a ransa. Ya ce shi bai taɓa yin haka ba, kuma yana roƙona don Allah kada in sake. Na yi masa alkawari, na kuma cika. Ban ƙara zama bayan sitiyari ba, a Makka ko bayan mun dawo gida.

Ranar da aka sallame mu, tun a gado muka ja wa Safiya kunne. Na ce abin da ya faru ranar Juma'a ba a faɗa, ko ga ƙawaye, ko a wasa. Ta ce to. Ban ma tabbata ta tuna wani abu ba, don rabin hanyar idonta a lumshe yake.

Muka shiga gaba mu uku, tana kan cinyata, ta rame sai idanu. Baban Safiya ya ɗauki hanya a hankali, ya manne da dama, yana kauce wa kowane rami saboda ƙirjinta. Wani mai keke ya wuce mu. Wani jaki da tulunan ruwa ya daɗe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mu. Safiya ta kalli jakin, ta kalli babanta, ta jawo mayafina ta kawo bakinta kunnena, da irin raɗar yara da kowa ke ji.

"Umma, Baba bai iya ba. Ki karɓa."